Kafin Ka Tafi Ka Bar Ta: Yaushe Ake Nema Wa Mata Biza?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Makon jiya bayan mun idar da sallar Isha'i, wani matashi ɗan unguwarmu a nan cikin gari ya tsaya sai da kowa ya watse, sannan ya matso. Ma'aikacin jinya ne, Allah Ya ba shi aiki a wani asibiti a Ingila. An riga an kai kuɗin aurensa, an sa rana bayan Babbar Sallah, su kuma masu aikin sun ce ya fara wata biyu kafin nan. Ya ce, "Malam, a matso da ɗaurin auren ne, ko in tafi a ɗaura ba na nan, kawuna ya karɓar min, in na zauna da gindina sai in nema mata biza?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Na nemi izininsa in rubuta amsar a nan ba tare da na kama suna ba, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Gwale, da wuya ka samu layin da babu gidan da wata ke zaune tana jiran "takardu su fito".

Mu fara da abin da ya fi kusa da mu. Mace tana da haƙƙin zama da mijinta kamar yadda take da haƙƙin ci da sha da sutura. Turo kuɗi duk ƙarshen wata ya sauke nafaƙa, amma bai sauke wancan ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yana zagayen dare a Madina sai ya ji wata mata tana kokawa da kaɗaici, mijinta yana fagen yaƙi. Ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa lokacin dawowa gida. Riwayoyi sun saɓa a kan adadin watannin, wata riwayar ta ce shida, kuma shi Imamu Ahmad ya ɗauka. Wata huɗun da mutane ke yawan faɗa, asalinsa hukuncin ila'i ne a cikin Suratul Baƙara, wato mutumin da ya yi rantsuwa ba zai kusanci matarsa ba. Ba hukuncin matafiyi ba ne kai tsaye, a daina cakuɗa su. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, idan miji ya yi nisa shekara ɗaya ko fiye, matar ta cutu, tana da damar kai ƙara ko da ya bar mata dukiya. Alƙali zai aika masa: ko ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sauwaƙe mata. In ya ƙi, alƙali ya raba. Dubi zaɓi na tsakiya da kyau: ya ɗauke ta. A zamanin malamanmu na farko wannan magana ce ta raƙumi da guzuri. Yau magana ce ta biza, kuma bizar nan tana da lokaci kamar yadda shuka take da lokaci.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka cewa ƙofar da ya gani a buɗe yau, haka zai dawo ya same ta baɗi. Ku dubi Birtaniya. Kafin 2024, ɗalibin da ya je digiri na biyu yana tafiya da matarsa da 'ya'yansa, kuma 'yan Najeriya suna sahun gaba wajen amfani da wannan dama. Daga 1 ga Janairu 2024 aka rufe, sai ga masu digiri na uku, da masu karatun bincike zalla, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga 11 ga Maris na shekarar aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi zuwa da iyali, a Yuli 2025 ma aka daina ɗaukarsu daga waje gaba ɗaya. Wanda kuwa yake ɗan ƙasa ne ko mai takardar zaman dindindin, yana son kawo matarsa, a da ana neman ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. Ranar 11 ga Afrilu 2024 aka mayar da shi fam 29,000. Cikin wata huɗu aka yi canji uku. Amurka ma haka: a Fabrairu 2020 aka dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar ƙaura, a Janairu 2021 aka ɗage, sannan a Disamba 2025 aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza daga farkon 2026. Kanada ta ƙuntata izinin aikin da take bai wa matan ɗalibai a Janairu 2025. To wanda ya ce "bari in je in ga yanayin wurin tukuna", sau da yawa kafin ya gama ganin yanayin, yanayin ya canja.

Saboda haka tambayar farko, tun kafin ka karɓi aikin ko gurbin karatun, ita ce: wannan nau'in bizar da zan shiga da ita, tana ba ni damar kawo matata? Shi wannan ƙanin namu Allah Ya taimake shi, cikakken ma'aikacin jinya ne mai rajista, su ba a rufe musu ba, kuma an yafe musu harajin lafiyar da sauran ma'aikata ke biya, fam 1,035 a kan kowane babba duk shekara. Amma da aikin kula da tsofaffi ya samu, amsata za ta bambanta ƙwarai. Zan ce ya zauna da yarinyar da waliyyinta ya gaya musu gaskiya: tafiyar nan ba da ke ba ce, kuma ban san ranar da za ta zama da ke ba. In sun yarda a kan sani, shi ke nan. In ya ɓoye, ya ci amana tun ba a shafa fatiha ba.

Yanzu ga batun a ɗaura aure ango ba ya nan. A shari'a babu matsala ko kaɗan: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, ga shaidu, ga sadaki, aure ya ɗauru. Mu a Kano ma ko ango yana gari, ba shi ke karɓa da bakinsa ba, amarya kuwa tana cikin gida. Amma jami'in da zai duba takardunku ba Risala ya karanta ba, dokar ƙasarsa ya karanta. Birtaniya tana karɓar auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, auren Musulunci kuwa ingantacce ne a Najeriya. Amurka ba ta ɗaukar auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa wuri ɗaya a matsayin aure, sai in an tare bayan ɗaurin. Kanada ta fi tsanani: tun Yuni 2015 ta daina karɓar auren wakilci ko na waya wajen ɗauko mata ko miji. Ka ga wanda yake Toronto ya turo kuɗin goro da alawa aka ɗaura a masallacin unguwa ranar Asabar, a wurin Allah mijinta ne, a wurin ofishin ƙaurarsu kuma an bar baya da ƙura. Mai niyyar waɗannan ƙasashe biyu ya nemi lauyan da ya san dokarsu ya duba masa tun kafin a sa rana, kuma ya zo gida a yi da shi.

Akwai wani tarko a Kanada da ya kamata kowa ya sani. Mutum ya nemi zaman dindindin yana gwauro, kafin ya tafi sai aka yi masa aure. Wani ya ce masa, "kar ka faɗa, za su ja maka lokaci, in ka shiga ka nema mata." Dokarsu ta ce matar da ba ka bayyana ba a lokacin da ka karɓi zaman, ba a duba ta ba, to a ƙa'ida ba za ka iya ɗauko ta daga baya ba. An yi sassauci ga wasu rukunai, amma wa zai gina gidansa a kan sassauci? Jinkirin 'yan watanni ya guje wa, ya sayo na shekaru.

Wannan ya kawo mu ga ƙarya a cikin fom, wadda wasu ejan-ejan suka mayar kamar ruwan sha. "Rubuta ba ka da aure, sun fi ba gwauro." Ni dai ban san wani malami da ya halatta maka ƙarya don jami'in ba Musulmi ba ne. Fom ɗin nan a ƙarshensa kana shaidawa cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, alƙawari ne ka ɗauka. Sannan ko ta fuskar duniya asara ce. Yau ka ce ba ka da aure, bayan shekara biyu ka kawo takardar da ke nuna an ɗaura shekara huɗu da suka wuce, da yaro ɗan shekara uku. Suna ajiye komai a kwamfuta. Birtaniya tana iya hana mutum shiga har shekara 10 saboda yaudara, Amurka kuwa hanin nata na har abada ne sai in an yi maka afuwa ta musamman.

Mai mata biyu, kai ma ga naka. Ingila da Amurka da Kanada, babu wadda za ta ba ka damar shiga da mata biyu a matsayin matanka. Ɗaya ce. Na ji ana ba wasu shawarar su rubuta takardar saki "ta bogi" ga ɗaya don fayil ya yi tsabta. Subhanallah! Saki ba a wasa da shi, wanda ya furta da wasa ya auku, kuma takardar da ka rubuta da hannunka ka sa hannu ka fitar, a mazhabarmu ba ƙaramar magana ba ce. Kar ka wayi gari kana zaune da matar da ka riga ka saka saboda biza. Sannan ko ba a yi wannan ba, ina rabon kwana? Ɗaya tana tare da kai wata goma sha ɗaya, ɗaya tana ganin ka sati uku a shekara. Sai dai in ita da bakinta ta yafe, ba yafewar da aka matsa mata ba. Wani lokaci amsar gaskiya ga mai mata biyu ita ce wannan tafiyar ba tasa ba ce.

Mu dawo kan takardu, don a nan lokaci yake zurarewa. Yawancin aurenmu a cikin gari ba shi da takarda. An ɗaura, an raba goro, an watse. Ranar da aka ce kawo shaidar aure sai a fara zarya. Nemi takardar shaida tun makon ɗaurin aure, daga masallacin da aka ɗaura in suna bayarwa, ka kuma ƙarfafa ta da ta kotun shari'a ko ta ƙaramar hukuma, da ainihin ranar da aka ɗaura. Ku ajiye katin gayyata da hotuna, ba don alfahari ba, don za a nemi hujjar cewa auren na gaske ne. Kuma ku yi hattara da masu cewa "ku je rajista kawai ku yi auren kotu, shi Turawa suka sani". Auren da aka yi ƙarƙashin dokar aure ta tarayya aure ne na mace ɗaya: muddin yana nan dokar ta hana ka ƙara, har da tanadin hukunci, wanda yake da wata matar tun farko ma ba zai inganta masa ba, kuma sakin baki ba ya kwance shi a idon doka, sai babbar kotu. Mutum ya shiga wannan da idonsa a buɗe, ba don ejan ya ce ya fi sauri ba.

Sai fasfo. Daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Kuɗin ba shi ne matsalar ba, matsalar ita ce dole sunanta da ranar haihuwarta su dace da abin da ke kan lambar NIN. 'Yan matanmu da yawa, takardar makaranta ta ce Ummi, NIN ta ce Aisha, takardar haihuwa kuma wata shekara daban. Gyaran wannan kaɗai yana iya cin makonni kafin ma a je ofishin fasfo na Farm Centre a ɗauki hoto. A fara da shi tun ranar da aka sa rana, ai fasfo ba ya buƙatar aure. Kuma don Allah a bar mata sunan mahaifinta. Shi ne abin da addini ya koyar, kuma ya hutar da ku canjin suna a kowace takarda. Babu ofishin jakadancin da ya ce sai mace ta ɗauki sunan miji.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, wasu takardun suna da rai, suna mutuwa. Mai zuwa Birtaniya zama fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kamar na hukumar IOM a Abuja ko Legas, takardar kuma wata shida take yi. In hoton ƙirji ya nuna wani abu aka koma gwajin kaki, sakamakon na iya kai mako takwas. Kuɗin da za a nuna a banki sai ya kwana 28 a jere bai ragu ba, kuma kar ya wuce kwana 31 tsakanin ƙarshen kwanakin da ranar neman biza. Ga matar ma'aikaci fam 285 ne, ɗa na farko 315, kowane na bayansa 200, sai dai in wurin aikin ya ɗauki nauyi a rubuce. Takardar ɗaukar nauyi da wurin aiki ke bayarwa wata uku take yi. Ka ga in ka yi gaggawar gwaji ka yi jinkirin fasfo, kafin wannan ya fito wancan ya mutu, ka sake biyan kuɗin mota zuwa Abuja. Dabarar ita ce ka ɗauki ranar tafiya ka riƙa ƙirgowa baya. Abin da ba ya mutuwa da wuri, fasfo da shaidar aure da takardar haihuwa, a fara da su. Masu gajeren rai a bar su su haɗu a wata ɗaya.

In akwai juna biyu, lissafi ya ƙara canjawa. Yawancin jirage suna neman takardar likita bayan mako 28, ba sa ɗauka bayan mako 36. In ta haihu a gida, jaririn yana buƙatar nasa fasfon da nasa bizar. Ku zauna ku zaɓa tun da wuri: ko ta tafi cikin yana ƙarami, ko ta haihu a gaban mahaifiyarta ta yi wankan jegonta cikin kwanciyar hankali sannan a nema musu tare. Ni na fi karkata ga na biyun in haihuwar fari ce, don ƙasar da ba ka da kowa ba wurin koyon jego ba ce. Ra'ayina ne, ba fatawa ba.

Masu tafiya Saudiyya, ku ne kuka fi yawa a cikinmu, kuma naku tsarin daban ne: ba a nema tare. Sai ka shiga, igamarka ta fito, sannan ka nemi izinin kawo iyali, kuma sana'ar da aka rubuta a kan igamar tana da tasiri a kan ko za a ba ka. Don haka ka tambayi abin da za a rubuta tun kana Kano, kar ka je da digiri a rubuta maka lebura. Takardar aure a fassara ta da Larabci, a kai ma'aikatar harkokin waje a Abuja ta tantance, sannan ofishin jakadancinsu. Yi wannan kafin ka tashi, ya fi sauƙi a kan ka riƙa aiken ƙaninka ta waya. Ka kuma yi lissafin harajin iyali da aka ɗora wa ma'aikatan kamfanoni tun Yuli 2017. Ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 a 2020. Mata da yara biyu, riyal 14,400 ke nan a shekara, ban da haya da inshorar lafiya. Gab da aikin Hajji kuma akan dakatar da wasu bizojin ziyara, kar ka sa ranta a wannan lokacin. Shawarar da na fi ƙi ita ce "ta zo da bizar Umara sai ta zauna". Ka mayar da 'yar mutane takari, ba ta iya zuwa asibiti da sakin jiki, ɗan da ta haifa babu takarda, kullum gabanta na faɗuwa kar a kama ta a kai ta tarhil. Ba haka waliyyinta ya ba ka ita ba.

Wani zai ce, Malam, kuɗin biza biyu da tikiti biyu a lokaci ɗaya fa? Gaskiya ne, ba kowa ke da shi ba, kuma akwai hikima a miji ya riga zuwa ya samu ɗaki. Ban ce dole ku hau jirgi ɗaya ba. A tsarin Birtaniya matar ma'aikaci tana iya nema tare da shi, tana iya nema daga baya, amsa kan fito cikin kamar mako uku. Amma bizarta za ta ƙare rana ɗaya da taka, kuma shekarun da ake ƙirga mata na neman zaman dindindin nata ne daban, ba a haɗa mata da naka. Duk watan da ta yi a gida, ya ƙaru a kan jiranta a can. Abin da nake cewa shi ne sunanta ya shiga fom ɗinka tun farko, takardunta su kammala kafin ka tashi, kuɗin bizarta a ware shi gefe kar ya narke a lefe da kayan ɗaki, sannan ka faɗi wata takamaimai a gaban waliyyinta. "In sha Allahu nan ba da jimawa ba" ba wa'adi ba ne. Ka kuma fayyace inda za ta zauna kafin nan, gidanku ko gidansu, da wanda zai riƙa miƙa mata kuɗi. In da hali ya shiga asusunta kai tsaye. Rigingimun da ake kawo mana sulhu a zaure, da yawa daga nan suke farawa: ya turo ta hannun wansa, ita kuma ba ta ga ko sisi ba.

Abin da na gaya wa ƙanin namu ke nan da ya dawo: a matso da ɗaurin aure yana gari, ta tare ko da a ɗaki ɗaya ne, biki da taron mata a yi daidai ƙarfi, ya cike fom a matsayin mai aure. Ya ce iyayenta mata ba za su yarda ba, kayan ɗaki ba su haɗu ba. Na ce gado da kujerun da za a kulle a ɗaki a tafi Ingila a bari? Ya yi dariya, ya ce shi ba zai iya faɗa musu haka ba. Na ce ba kai za ka faɗa ba, wannan maganar manya ce. Shekaranjiya muka je da kawunsa wurin mahaifin yarinyar, muka yi masa bayani kamar yadda na yi muku. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi zuwa Juma'a ya shawo kan cikin gida, amma fasfo kam gobe yayanta ya raka ta a fara. Da suka duba NIN ɗinta, shekarar haihuwar ta saɓa da ta takardar makaranta da shekara ɗaya. Yanzu haka gyaran suke bi.

Wallahu a'alam.